Zubi, Bi, Ƙari da Janyewa: Tarihin Shawarar Ɗan Karta daga Kogin Misisifi zuwa Damargu

Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumar Tanut da gundumar Belbeji a cikin jihar Damagaram, ƙasa ce da ta daɗe da sanin kasada. Tana zaune ne a bakin iyakar noma, inda gonakin gero suke ƙarewa, makiyaya take farawa, har ma dokar shekarar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar ta ratsa wannan yanki. Manomin Gangara ko na Olelewa yakan yi binne, ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Makiyayin Tenhiya yakan tsaya da rani yana duban shanunsa, yana auna ko ya sayar da rabinsu tun suna da tsoka, ko ya jira ciyawar da ba ta fito ba tukuna. Kowannensu yana yanke shawara ne a kan abin da ya ɓuya gare shi, da dukiyar da ba ya son rasawa.

A can wata nahiya mai nisa, wani wasan karta da ake kira poka ya ba irin waɗannan shawarwari sunaye, ya jera su, ya kuma sa musu ƙa'ida. Wasan caca ne, kuma hukuncin caca sananne ne a wurin al'ummar Musulmi. Duk da haka tarihinsa ya cancanci malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su san shi, domin masana lissafi sun haƙo ilmi mai zurfi daga cikinsa, domin caca iri iri ta shigo aljihun samari ta hanyar salula, kuma domin wanda ya fahimci yadda ɗan karta yake shawara zai fi saurin gane inda kasadar fatauci ta rabu da kasadar caca.

Wuri da dara

Tun kafin karta ta yaɗu, ƙasar Hausa ta san wasanni biyu da suka yi hannun riga. Na farko shi ne caca da wuri. Wuri kuɗi ne a wancan zamani, har ma kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, a ƙirga shi hauya hauya, a ɗure dubu 20 cikin keso guda. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ana musanyar dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Ɗan caca yakan watsa wuri a ƙasa, a duba nawa suka faɗi a buɗe, nawa suka kife. Idan aka ɗauka cewa kowane wuri yana iya faɗawa ta kowace fuska daidai wa daida, to wuri 4 suna da hanyar faɗuwa 16: hanya 1 ce kawai za su buɗe duka, hanya 6 kuma biyu su buɗe biyu su kife. Da zarar wurin ya bar hannu, shawara ta ƙare. Mai wayo da wawa duk ɗaya suke, sai jiran abin da ƙasa ta nuna.

Wasa na biyu shi ne dara, wadda har yanzu dattawa suke yi a gindin itace. Ana haƙa gurabe 30, layi 5 kowane da gurbi 6, kowane ɗan wasa ya riƙe ƴaƴa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga cikin na abokinsa. A dara babu abin da yake ɓoye. Duk abin da ɗaya yake gani, ɗayan ma yana ganinsa, don haka wanda aka cinye ba shi da wanda zai zarga sai kaifin idonsa. Tsakanin waɗannan biyu, wato wasan da sa'a kaɗai take hukunci da wasan da komai yake fili, akwai gurbi na uku: wasan da kowa ya san rabin gaskiya, ya ɓoye ta, yana kuma ƙoƙarin gano rabin da yake hannun wani. Karta ce ta cika wannan gurbi.

Doguwar tafiyar karta

Asalin karta daga ƙasar Sin yake, inda aka fara yin takarda da ɗab'i. Daga can ta bi hanyoyin fatauci har ta iso Masar a zamanin sarakunan Mamaluka. A 1939 wani masani mai suna L. A. Mayer ya bayyana wani tsohon ƙunshin karta na Mamaluka da yake ajiye a fadar Topkapi ta birnin Istanbul. Gidajensa huɗu ne: kofi, dinari, takobi da sandar wasan ƙwallon doki, kuma kowane gida yana da sarki da na'ibansa. Daga wannan kalma ta na'ibi mutanen Andalus suka sami sunan da suke kiran karta da shi har gobe. A shekarun 1370 karta ta bayyana a biranen Turai, nan take kuma hukumomi suka fara kafa dokokin hana ta, kamar yadda birnin Fulorans na Italiya ya yi a 1377. Wajen 1480 masu ɗab'i na Faransa suka sauƙaƙa zanen gidajen zuwa siffofi huɗu, biyu ja biyu baƙi, irin waɗanda ake gani a kasuwanni yau.

Kalmar karta da Bahaushe yake faɗa ita ce Larabawan Magrib suke faɗa, su kuma sun ɗauko ta daga bakin mutanen gaɓar Bahar Rum ta arewa, inda take nufin takarda. Zamanin Nasara ya yawaita ta a barikoki da kantuna da tashoshin mota. A ɓangaren Faransa wasan belot ya samu karɓuwa, a ɓangaren Ingila kuwa aka rungumi Whot, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1935. Poka ba ta yi irin wannan farin jini a Damargu ba. Labarinta ya bi wata hanya dabam, ta cikin teku zuwa Amurka.

Haihuwar poka

Faransawa ne suka kafa birnin Niyu Olins a bakin kogin Misisifi a 1718, kuma ya shiga hannun Amurka a 1803. A cikin wasannin da baƙi suka zo da su akwai wani na Faransa mai suna pok, ɗan'uwan wani tsohon wasan Jamus wanda sunansa yake nufin ƙwanƙwasawa ko cika baki. Turawan Ingila ma suna da nasu wasan da aka gina a kan alfahari da karta maras ƙarfi. Daga gaurayar waɗannan poka ta fito a farkon ƙarni na 19. Wani ɗan wasan kwaikwayo Baturen Ingila, Joe Cowell, ya ba da labarin yadda ya ga ana yin ta a 1829: mutum 4, karta 20, kowa ya karɓi 5. Ba a musanyar karta, ba a ƙara rabo. Abin da ya rage kawai shi ne zuba kuɗi a kan wane ne ya fi ƙarfin hannu. A 1843 Jonathan Green, tsohon ɗan caca da ya tuba, ya wallafa littafin tona asirin masu maguɗi a jiragen ruwan Misisifi, kuma poka tana cikin wasannin da ya yi kashedi a kansu.

Daga baya aka koma ga cikakken ƙunshi mai karta 52, domin mutane da yawa su iya zama. Wannan canji ya faɗaɗa duhun da ɗan wasa yake ciki ƙwarai: karta 20 suna ba da hannu iri 15,504, karta 52 kuwa suna ba da 2,598,960. Wajen tsakiyar ƙarnin aka shigo da dokar musanya, wato mutum ya yar da wasu daga cikin kartarsa a ba shi wasu, abin da ya sa zagayen zubi ya zama biyu. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya watsa wasan a sansanonin soja, sojojin kuma suka koma da shi garuruwansu. A shekarun 1870 jakadan Amurka a Ingila, Janar Robert Schenck, ya rubuta wa manyan Landan ƙa'idojinsa. A hankali wata doka mai muhimmanci ta zauna, cewa ba a korar mutum daga wasa don kawai wani ya zuba abin da ya fi kuɗin da yake gabansa. Yana iya zuba duk abin da ya rage masa a baje karta a kan wannan gwargwado. Ba don haka ba, da attajiri ya riƙa cinye kowa da nauyin jaka kawai.

Shawara biyar

Duk yawan ire-iren poka, shawarwarin da suke gaban ɗan wasa idan layi ya zo kansa ba su wuce biyar ba. Kafin rabo ana tara ɗan kuɗin shiga a tsakiya, shi ne tushen tsibin da ake takara a kansa.

Ta farko ita ce wucewa. Idan babu wanda ya zuba komai a wannan zagaye, mutum yana iya ƙwanƙwasa tebur ya miƙa magana ga na kusa da shi, yana nan cikin wasa bai biya ko dala ba. Ta biyu ita ce zubi: ya zama na farkon da ya sa kuɗi, ya ɗora wa sauran nauyin amsawa. Daga nan ƙofar wucewa ta rufe, sai ƙofofi uku suka rage. Akwai bi, wato ya zuba daidai da abin da aka zuba domin ya ci gaba. Akwai ƙari, wato ya biya abin da aka zuba ya kuma ɗora wani a kai, nauyin ya koma kan wanda ya fara. Akwai kuma janyewa, wato ya kife kartarsa ya haƙura da duk abin da ya riga ya sa a tsibi. Zagaye yana ƙarewa idan duk waɗanda suka rage sun zuba daidai da juna. Idan mutum ɗaya ya rage, tsibin nasa ne ba tare da ya nuna wa kowa abin da ya riƙe ba. Idan sun fi ɗaya, sai a baje karta a ƙarshe, a lokacin ne ake sanin maci tuwo, bayan miya ta ƙare.

A cikin wannan doka ta cin tsibi ba tare da nuna hannu ba ne dukan sirrin wasan yake. Ita ce ta mai da zubi magana. Wanda ya zuba yana cewa hannunsa ya fi ƙarfi, wanda ya yi ƙari yana ƙaryata shi, wanda ya janye kuma ya gaskata. Shi ya sa wurin zama yake da daraja: wanda zai yi magana a ƙarshe ya riga ya ji abin da kowa ya ce, wanda yake farko kuwa yana magana ne cikin duhu.

Lissafin bi da janyewa

Misali da kuɗin sefa zai fayyace yadda gwanaye suke auna shawara. A ce akwai jika 4 a tsibi, abokin wasa ya zuba jika 2, tsibin ya zama jika 6. Wanda layi ya zo kansa zai biya jika 2 idan yana son ya bi, jimilla ta zama jika 8. Rabonsa a cikin wannan jimilla ɗaya ne bisa huɗu, don haka bin ba zai yi masa amfani ba sai idan zai ci aƙalla sau ɗaya a cikin irin wannan hali huɗu. A ce kuma yana riƙe da karta 4 na gida ɗaya, yana fatar musanya ta kawo masa ta biyar, kuma idan ta zo ya ci, idan ba ta zo ba an cinye shi. Kowane gida yana da karta 13, saura 9 ke nan, a cikin karta 47 da bai gani ba. Wannan bai kai ɗaya bisa biyar ba, balle ɗaya bisa huɗu. Lissafi ya ce ya janye. Amma da abokin jika 1 kawai ya zuba, da rabon mai bi ya zama ɗaya bisa shida, sai bin ya yi daidai. Hannun bai sake ba, farashin ne ya sake.

Darasi mafi wuya a nan shi ne cewa kuɗin da mutum ya riga ya zuba a tsibi ba nasa ba ne kuma. Sabon ɗan wasa yakan ce ya riga ya sa da yawa, ba zai iya janyewa ba, sai ya bi kuɗin da ya tafi da kuɗin da ya rage. Gwani kuwa abin da yake gaba kawai yake dubawa, shi ya sa hannun da yake kifewa ya fi wanda yake bugawa yawa nesa ba kusa ba. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Burga a gaban masana

Burga ita ce zubi ko ƙari da hannu maras ƙarfi domin a tsorata mai ƙarfi ya janye. Ita ma tana da ma'auni. Wanda ya zuba jika 2 don ya ci tsibin jika 4, idan burgarsa ta ci sau ɗaya a cikin uku bai yi hasara ba: sau biyu ya rasa jika 4, sau ɗaya ya sami jika 4. Shekaru da yawa ana ɗaukar burga a matsayin halin ƙarfin zuciya ko na rashin kunya, har sai da John von Neumann, masanin lissafi haifaffen Budafes, ya dube ta da idon ilmi. A 1928 ya wallafa maƙala a kan wasanni, a 1944 kuma shi da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafin da ya kafa fannin nazarin wasanni, inda suka keɓe wa poka sashe guda. Sun nuna cewa wanda ba ya burga ko kaɗan, ranar da ya zuba kowa zai san yana da ƙarfi a janye masa, ba zai ci komai ba. Wanda kuma yake burga kullum, za a riƙa binsa ana kama shi. Hanyar da ba a iya cinye ta ita ce gauraya gaskiya da burga bisa wani gwargwado, ta yadda abokin karawa ba zai iya rarrabewa ba. Wannan fanni ya shiga nazarin kasuwa, da na yaƙi, da na sulhu tsakanin ƙasashe.

Wasan kansa ya ci gaba da girma. A 1970 Benny Binion ya fara gasar duniya a Las Begas. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker, wanda ya sami gurbinsa ta wasan intanet, ya doke sauran ƴan takara a gasar mutum 839, ya tafi da dalar Amurka miliyan 2.5. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773, akasarinsu suna mafarkin abin da mutum ɗaya tak zai samu. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta jami'ar Carnegie Mellon, ta doke gwanaye 4 bayan hannu dubu 120, kuma burga tana cikin makamanta. Injin da ba shi da zuciya ya tabbatar da cewa burga lissafi ce.

Madugu a Damargu

Wanda ya san waɗannan shawarwari biyar, idan ya waiwayi tarihin Damargu zai gan su a wani fage mai nauyi fiye da tebur. A watan Janairu na 1851 Barth ya iso Damargu tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Ewe, kuma a Tagelel ne James Richardson ya rabu da abokan tafiyarsa ya nufi Damagaram. Barth ya ga ƙasa mai rumbuna da yawa, wadda take ciyar da Abzin. Geron Damargu ne ake ɗora wa raƙuma a ƙetara Tenere da shi zuwa Fashi da Bilma, a komo da kantun gishiri da dabino. Ta nan kuma hanyar Tarabulus zuwa Kano ta ratsa, Larabawan Gadamas suna da wakilai a Jajiduna, manyan attajiran Damagaram irin su Malam Yaro suna aika haja arewa.

Madugun irin wannan ayari kullum yana shawara ne da rabin labari. A ƙarshen ƙarni na 19 Imuzurag, ƙarƙashin shugabansu Musa, su ne masu ƙarfi a Damargu, suna karɓar kuɗin hanya daga fatake. Idan aka tare ayari aka nemi biya, madugu ba ya ganin yawan mayaƙan da suke bayan tudu. Yana iya biya ya wuce, yana iya nuna bindigoginsa ya ƙi, yana iya sake hanya ko ya koma da baya ya jira. Mai tarewa ma bai san iyakar ƙarfin ayari ba, kuma idan ya tsananta fatake za su ƙaurace wa hanyarsa, ya rasa abin da yake samu. Kowane ɓangare yana auna burgar ɗayan. Aikin jagaba da masu kawo labarin rijiyoyi shi ne rage wannan duhu, kamar ɗan wasan da ya sami damar yin magana a ƙarshe. Zuwan Nasara ya rushe wannan ma'auni. Bayan faɗuwar Damagaram a 1899, sojan Faransa sun karya Imuzurag a Tanamari a 1900, suka kafa bariki a Jajiduna a 1901, daga baya mulkin yankin ya koma Tanut. Kawusan, wanda aka haifa a Damargu, ya zuba duk abin da yake da shi a kewayen Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kuma abin da ya biyo bayan karyewarsa ya faɗa kan mutanen Abzin baki ɗaya.

Cinikin gashin jimina ya fi kowane misali nuna hatsarin ƙari a kan kasuwar da ta kusa mutuwa. Damargu tana cikin wuraren da ake samun gashin jimina mai kyau da ake kai wa Tarabulus, daga can ya wuce Turai ya hau hulunan mata. Saboda darajar jiminar wannan yanki, a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko da tawaga har Kano neman irinta, ta koma da tsuntsaye fiye da 100 a 1912. A 1914 yayin ado ya sake, yaƙi ya ɓarke, kasuwar gashin ta rushe a duniya. A 1911 ɗin ne kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya ta kama Tarabulus. Fataken da suka karanta alamun suka juya raƙumansu zuwa kudu sun tsira da jari; hanyar hamada kuwa ba ta sake farfaɗowa ba. Haka ma a farin 1973 da na 1984, makiyayin da ya sayar da wuri ko ya yi kudu tun da sauran ƙarfi a jikin dabbobi ya fita da abin sake kafa garke, wanda ya jira kuwa sau da yawa fata ya sayar.

Inda kamar ta tsaya

Kamar da take tsakanin madugu da ɗan karta tana da iyaka, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da shata ta. Alƙur'ani ya ambaci caca a sura ta 2 aya ta 219, ya kuma haramta ta a sura ta 5 aya ta 90 da ta 91, tare da bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai suke karantawa a zaurukan malamai daga Damagaram har Agadas, ta hana wasan nardu, amma ta halatta ƙiradi, wato mai dukiya ya ba wani jari ya yi fatauci su raba riba bisa rabon da suka yarda da shi. A dukan biyun akwai yiwuwar hasara, sai dai tushensu ya bambanta. Madugun da ya kai gero Bilma ya ciyar da mutanen da ƙasarsu ba ta fid da hatsi, ya komo da gishirin da dabbobin kudu suke bukata; idan tafiya ta yi kyau, mai jari da mai raƙumi da mai saye duk sun amfana. Manomin da ya yi binne, idan ruwa ya sauka, ƙwaya ɗaya za ta zama zangarniya. A teburin caca kuwa ba a haifar komai. Jikar da wannan ya ci ita ce jikar da wancan ya rasa, kuma inda akwai mai gida yana yankar kasonsa daga kowane tsibi, jimillar ƴan wasa kullum raguwa take yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zamanin salula

Cacar da ta fi kusa da samarin Tanut da na Belbeji a wannan zamani ta fi kama da ta wuri fiye da poka. Hukumar tambola ta ƙasa, LONANI, ta saba wa mutanen birane da zuba kuɗi a kan sukuwar dawaki da ake yi a wata ƙasa, daga baya kuma salula ta kawo zubi a kan ƙwallon ƙafa na Turai. A irin wannan caca, akasari shawara ɗaya ce: a zuba a jira. Saurayin da ya haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damar cinsa ɗaya ce a cikin 1,024, kuma kamfanin ya riga ya rage abin da zai biya ƙasa da wannan lissafi. Ranar da ya kuskure da wasa ɗaya sai ya ce saura kaɗan, ya sake zubawa, yana bin kuɗin da ya tafi da kuɗin da ya rage. Sau da yawa kuɗin nan na tiyar gero ne, ko na ɗan akuyar da aka sayar, ko wanda ɗan'uwa ya aiko daga cirani a Libiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A nan malamin makaranta yake da abin yi wanda wa'azi kaɗai ba ya cika shi. Da wuri 4 ko ƙwayar gyaɗa, ba tare da ko dala ɗaya ba, yana iya nuna wa ɗalibai hanyoyin faɗuwa 16, su watsa da hannunsu su ƙirga. Yana iya rubuta 1,024 a allo ya bar su su gano daga ina ta fito. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya raya dara a gasar unguwanni, su tattara daga bakin tsofaffin madugai da makiyaya labarin shekarun da suka yi shawarar tafiya ko ta zama, tun waɗannan dattawa suna da rai. A cikin labaransu yaro zai ji yadda ake auna farashi kafin a bi, da yadda ake haƙura da abin da ya riga ya tafi domin a tsira da abin da ya rage.